Uwargida, Duba Da Kyau Kafin Ki Sayi Gida

A wannan mako zancenmu a kan sayen gida ne.

Na san wata za ta ce, ina ruwan mace da wannan, ai sha'anin maza ne. To, 'yar'uwa, tsaya ki ji. Maigida ya kan fita tun da sassafe ya tafi gona ko kasuwa ko ofis, ba ya komowa sai rana ta yi sanyi. Ke ce ki ke wuni cikin gidan. Ke za ki ja ruwan rijiyarsa, ke za ki sha hayaƙin madafarsa, in kuwa ɗaki na yoyo, ke za ki tashi da tsakar dare ki jera kwanoni ki ɗauke yara daga kan tabarma. Saboda haka in za a sayi gida, ya kamata a ji ta bakinki. Ban da wannan, mata da yawa yanzu da kuɗinsu su ke saye. Wata gado ta ci, wata adashi ta kwasa, wata shanun kiwonta ta sayar, wata kuwa malama ce ko ma'aikaciyar asibiti mai albashi. Shari'a ta ba mace iko da dukiyarta, ba mai taɓa mata sai da yardarta.

Talata Mafara da Bakura da Maradun ba ƙananan garuruwa ba ne. Tun da aka cire Jihar Zamfara daga Sakkwato a 1996, kowannensu ya fid da Gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura a 1999, Abdul'aziz Yari na Mafara a 2011, Bello Matawalle na Maradun a 2019. Garuruwan sun yi ta faɗi. Sa'an nan fitinar 'yan bindiga ta koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin gari, masu neman muhalli suka yi yawa, kuɗin haya da na gidaje suka hau. A irin wannan lokaci ne dillali ke cewa, "Hajiya, ki biya yau, gobe wani zai ɗauka." Kada wannan magana ta ruɗe ki. Zane in kin saya bai yi miki ba, kya ba ƙanwarki. Gida kuwa wataƙila sau ɗaya za ki saya duk tsawon ranki.

Fara da duba ƙasa

Abin da za ki fara dubawa shi ne wurin da gidan ya ke zaune. Ƙasarmu ta gulbi ce. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ita ke ba da ruwan noman rani ta hanyar magudanan da suka ratsa ƙasar Mafara da Bakura. Albarkar shinkafarmu ke nan. Amma ƙasar da shinkafa ke so, gini ba ya sonta. Laka ta kan kumbura da damina, ta tsattsage da rani, haka za ta yi ta motsa harsashin gini har bango ya dare.

Gida da rani duk ɗaya ne, kowanne a bushe ya ke. In da hali, ki je ki gan shi cikin watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi. Tsaya a ƙofa ki ga inda ruwan unguwa ya nufa. In tsakar gidan ta fi hanya zurfi, ki sani ruwan hanya nan zai riƙa kwana. In kuwa dole da rani za a yi cinikin, to, duba gindin bango. Ruwan da ya taɓa kwanciya ya kan bar zane kamar an ja layi. Za ki ga kuma gansakuka, ko farin gishiri yana cin gindin katanga, ko shafe yana ɓamɓarewa daga ƙasa.

Duba ko akwai kududdufi ko magudanar noman rani kusa. Sauro cikin ruwa mai kwanciya ya ke ƙwai, cikin kwana 10 ko ƙasa da haka ya fito ya fara cizo. Yaran da ke wanka a magudana su kan ɗauki tsargiya, domin ƙwayar cutar cikin wasu 'yan ƙananan dodon koɗi na ruwan ta ke girma. Ga kuma tsoron yaro mai rarrafe ko mai tatata ya faɗa. In kina da ƙananan yara, gidan bakin ruwa sai kin yi tunani sau biyu.

Rijiya da masai

Daga nan sai ruwan sha. Gidan da ba ruwa, wahalar a kan mace da 'ya'yanta mata ta ke ƙarewa, ko kuwa a yi ta biyan 'yan garuwa kullum. In akwai rijiya, ki sa a ja miki guga ki duba launin ruwan, ki sansana, ki ɗanɗana. Tambayi matan maƙwabta yadda ta ke yi cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai matuƙa. Rijiyar da ke cike a Agusta ba abin yabo ba ce. Wadda ba ta ƙafe ba a Afrilu ita ce rijiya. In an ce miki akwai famfo, kada ki tsaya ga ganin kansa. Murɗa ki gani, ki kuma tambaya sau nawa ruwa ke zuwa a mako.

Sa'an nan ki auna tsakanin rijiya da masai. Ma'aikatan tsabta su kan ce a bar mita 30, watau kamar taki 40 na babban mutum, masai kuma ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Yawancin fulotin da a ke yankawa cikin gari ƙafa 50 ne da ƙafa 100, saboda haka da wuya a sami wannan tazara cikin gida guda. To, ki ga dai an nisanta su iyakar yadda fili ya ba da hali, an ɗaure bakin rijiyar da siminti, an yi mata murfi. Kada ki manta da leƙa bayan katanga. Sau da yawa masan gidanki na nesa, amma na maƙwabci na jingine da rijiyarki, bango kaɗai ya raba su. Ta nan amai da gudawa da zazzaɓin taifot ke shigowa gida.

Ginin kansa

Kada ki raina ginin ƙasa. Soron da gwanin magini ya yi da tubali da azara mai kyau ya fi ɗakin kwano sanyi da bazara, ya kuma fi shi ɗumi da hunturu. Sai dai yana son yaɓe a kai a kai. In ginin ƙasa ne, ki sa a ƙwanƙwasa azara. In ta yi ƙara kamar ganga, ko gari ya zubo, gara ta cinye cikinta. A hau bisa a duba daɓen rufin da indararo. A zaga ta gabas kuma, domin hadarinmu daga gabas ya ke tasowa, bangon wannan gefe shi ke shan dukan ruwa, shi ke fara zaizayewa.

In ginin bulo ne, ki sani ba kowane bulo ne bulo ba. Wadansu masu bugawa su kan cika yashi su rage siminti. Nemi wurin da ba a yi shafe ba, ki karta da ƙusa. In ya yi ta zuba kamar garin tuwo, bangon ba zai daɗe ba. Tsagewa iri biyu ce. Akwai siririya kamar gashi wadda ke kan shafe kawai, wannan ba kome. Akwai kuma wadda ta tashi daga kusurwar ƙofa ko taga ta yi karkace, ana ganinta ciki da waje. Wannan alama ce harsashi ya motsa, gyaranta kuwa sai kuɗi mai yawa. Ɗaga kai ki duba silin, tabon ruwa ba ya ɓuya. Gidan da aka yi wa sabon fenti ana gobe za a nuna shi, ki ƙara sa masa ido.

Ki lura da tagogi. Ɗakin da ke da taga ɗaya 'yar mitsitsiya, mutum shida ko bakwai na kwana ciki da zafin bazara, wurin yaɗuwar sanƙarau ne. A 1996 wannan cuta ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, a 2017 kuma da ta sake ɓarkewa, Zamfara ce ta fi jin jiki. Ɗaki mai kyau shi ne mai tagogi biyu a bango dabam dabam, iska ta shiga ta nan ta fita ta can.

Akwai abubuwan da namiji ba zai lura da su ba sai ke. Ina madafa ta ke, hayaƙinta ina zai bi? Akwai inuwa a tsakar gida inda za a yi daka da tankaɗe? Ina za a yi shanya, ina za a ɗaure awaki, ina za a ajiye buhunan shinkafa da gero inda laima ba za ta taɓa su ba? In baƙo ya tsaya a zaure, yana hango tsakar gida? In gidan mata biyu ne, ɗakunan daidai su ke, ko kuwa ɗaya ya fi ɗaya, a sayo rigima tare da gida? Bayan kin gama naki duban, ki kira magini wanda ku kuka nemo, ba wanda mai sayarwa ko dillali ya kawo ba. Ladan da za ki ba shi kaɗan ne in an gwada da abin da zai tsare miki.

Tambayar da ba a yi a da

Iyayenmu ba su san wannan tambaya ba, amma mu dole mu yi ta. A 2010 aka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Yara kamar 400 suka rasu. Da likitocin ƙungiyar MSF da sauran masu bincike suka duba, sai aka tarar gubar dalma ce. Masu haƙar zinariya ke kawo duwatsu cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar ta zauna cikin ƙasar tsakar gida, yara na rarrafe suna kai hannu baki. Dalma ba ta ruɓewa, shara ba ta fid da ita. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka kwashe, aka zubo sabuwa. Yaron da ya sha gubar bai mutu ba ma, ta kan taɓa masa ƙwaƙwalwa, karatu ya yi masa wuya.

Haƙar zinariya ba a Anka kaɗai ta tsaya ba. Saboda haka ki tambayi maƙwabta, an taɓa dakan dutsen zinariya a gidan nan, ko an ajiye injin niƙansa, ko buhunansa? In an ce i, ki bar shi kome arahar sa, sai fa in ma'aikatan lafiya sun gwada ƙasar sun ce ba kome.

Unguwa da maƙwabta

Ba mu manta da daren 26 ga Fabrairu 2021 ba, da aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe, a ƙasar Talata Mafara, aka sako 279 ran 2 ga Maris. A shekarar nan kuma aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, aka shiga makarantar Kaya a ƙasar Maradun. Ba don in tsorata ku na tuna da wannan ba. Na tuna ne domin gidajen bakin gari su ne masu araha da faɗin fili, su ne kuma dillali zai fara nuna miki. Kafin ki yarda, duba abin da ke bayan gidan. Gidaje ne ko daji? Maƙwabta na kwana a gidajensu, ko kuwa da magariba kowa ke kwasar yara ya shiga cikin gari? Waya na samun sabis a wurin? In naƙuda ta taso da dare, mai babur zai yarda ya zo? Ɗan ƙaramin gida a tsakiyar mutane ya fi babba wanda ba za ki iya barci cikinsa ba.

Ki bi hanyar da 'ya'yanki za su bi zuwa makarantar boko da ta Islamiyya, da ƙafarki. A Mafara ki lura ko sai sun tsallaka babban titin Gusau zuwa Sakkwato, inda manyan motoci ke gudu. Gidan kusa da kasuwa yana da daɗi ga mai sana'ar ƙosai ko ƙuli-ƙuli, amma ki je ran Talata ki ga irin cinkoson kafin ki yanke shawara. Gidan da ke ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki kuwa, a bar shi.

Maƙwabta kuma sai ki shiga ki gaishe su. A nan mace ta fi namiji dama. Shi iyakarsa zaure, za a gaya masa abin da ya kamata baƙo ya ji. Ke kuwa za ki zauna kan tabarma a tsakar gida, kafin ki sha ruwa ki tashi kin ji dalilin da ya sa mai gidan ke son sayarwa.

Na wane ne gidan?

Wannan ita ce babbar tambaya, a nan ne kuma mata suka fi yin hasara. Na san wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, ta haɗa tumuninta da kuɗin shanu biyu ta sayi gida hannun wani saurayi mai ladabi, wanda ya ce gidan ubansa ne. Gaskiya ya faɗa, na ubansa ne. Abin da bai faɗa ba shi ne ba a raba gado ba, yana da 'yan'uwa mata uku a gidajen aure da wa guda a Legas. Da wan ya komo sai aka tafi gaban alƙali. Saurayin ya riga ya ci kuɗin. Shekara biyu tana zirga-zirga, abin da ta samu daga baya bai kai rabin abin da ta biya ba.

Saboda haka in gidan gado ne, ki nemi takardar rabon gado daga kotu, ko kuwa dukan magada, maza da mata, su zo su sa hannu. In akwai marayu ƙanana, kada a yi sai da sanin alƙali. Ki san kuma akwai abin da malamai ke kira shuf'a. A mazhabar Malikiyya, in mutum ya sayar da rabonsa na gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa na da ikon mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓe rabon. Wanda ke gari ya sani ya yi shiru har shekara, hakkinsa ya faɗi, amma wanda ya yi tafiya nasa na nan har ya komo. Tambaya kuma ko an ba da gidan jingina, ko an kai takardarsa banki an ci bashi.

Ga kuma dokar gwamnati. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana. A wurin da aka ayyana birni ne, Gwamna ke ba da satifiket ɗin mallaka, wanda mutane ke kira C of O, galibi na shekara 99, kuma ba a sayar da irin wannan gida sai da amincewarsa. A karkara kuwa ƙaramar hukuma ke da wannan iko. Takardar mai unguwa ko ta hakimi tana da amfani ƙwarai, domin su suka san tarihin kowane gida da iyakarsa, amma ba ta maye gurbin ta hukuma. In an nuna miki satifiket, a kai lambarsa ofishin ƙasa a Gusau a tabbatar sunan da ke cikin littafinsu shi ne na mai sayarwa.

Dokar nan ta ba gwamnati ikon karɓar fili domin aikin jama'a, diyyar kuwa ta gini ce da amfanin da ke kai. Mutanen ƙasar nan sun san zafin wannan fiye da kowa. Aikin Bakolori ya tashi dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu, rigimar diyya ta yi ta ja har watan Afrilu 1980, da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta aka rasa rayuka masu yawa. Saboda haka ki tabbata gidan bai shiga filin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ba, bai ci hanya ba, ba a kan burtali ko filin makaranta ko maƙabarta aka gina shi ba.

Ranar ciniki

In duk an wuce waɗannan, sai maganar kuɗi. Kada ki zuba duk abin da ki ke da shi a kan sayen. Akwai la'adar dillali, da kuɗin takardu, da gyara, domin ba gidan da za ki shiga ba ki taɓa kome ba. A yanke la'ada tun kafin ciniki, a san wanda zai biya. Kada ki sayar da jarin sana'arki kaf, ki zauna cikin gida mai kyau ba abin cefane.

A rubuta ciniki. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A sa sunan mai sayarwa da mai saye, da kuɗin da aka biya da wanda ya saura, da tsawo da faɗin filin, da sunan maƙwabcin gabas da yamma da kudu da arewa. Shaidu su zama mutanen unguwa sanannu, mai unguwa kuma ya sa hannu. In da hali a biya ta banki, cikin asusun mai gidan kansa, domin takardar banki shaida ce da ba ta mantuwa.

Ga wata magana da na ke so ki riƙe. In kuɗinki ne, sunanki za a rubuta. In kun haɗa kuɗi da maigida, a rubuta abin da kowa ya sa. Wata za ta ji kunya, ta ce kada malam ya ga kamar ba ta yarda da shi ba. Ba maganar rashin yarda ba ce, 'yar'uwa. Rai na hannun Allah. Ran da ya faɗi, in sunansa kaɗai ke takarda, gidan ya shiga gado, ke da kishiyoyinki tumuni guda za ku raba in yana da 'ya'ya, ko rubu'i in ba shi da su, sai fa in kin kawo shaidu. Miji mai hankali shi da kansa zai ce a rubuta.

Ku kuma 'yan makaranta, ga inda karatunku zai yi rana. In Inna ko Gwaggo za ta sayi gida, ku bi ta. Ku karanta mata takardar tun daga bisa har ƙasa kafin ta dangwala yatsa. Ku riƙe tef ku auna filin ku gani ko ya yi daidai da abin da aka rubuta. Ku yi hoton kowace takarda, a ajiye ɗaya a gida, ɗaya wurin wani amintacce, saboda gobara da gara.

Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Allah ya ba kowace 'yar'uwa muhalli mai albarka da maƙwabta nagari, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, amin. Wadda ke da tambaya a kan wannan ta rubuto mana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.